Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ni aka ba kwana 30

Masu bin wannan labari sun san a makon jiya na tsaya a kan sayen injin ɗab'i na biyu. To wannan injin ne ya jawo mini takardar masu haraji. Sun zo, suka leƙa shagon, suka ga inji biyu da yara suna yankan takarda, suka koma suka ƙiyasta mini ribar da ban taɓa riƙewa ba. A ƙasan takardar an rubuta cewa ina da kwana 30 in kai ƙorafi a rubuce, in ba haka ba kuɗin ya tabbata a wuyana.

Alhaji mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yana da wata magana: "Hukuma ba ta sauri sai in karɓa za ta yi." Shi ya ga zamanin haraji da jangali, lokacin da magidanci zai kwana a gona don kada yaran dagaci su same shi a gida. Har ya rasu yana yi wa Abubakar Rimi addu'a saboda soke su da ya yi a 1979. Muna yara mun ɗauka hirar tsofaffi ce kawai.

Ban ɓata lokaci ba. Ni da akanta muka tattara rasiɗai, da littafin ciniki, da takardun banki, muka kai, aka buga mana hatimin karɓa. Wannan kwafin mai hatimi yana nan har yau cikin akwatin Hajiya Babba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kashi 5 cikin 100 da ake cirewa a lokacin tun daga tushe a duk kwangilar littattafan rubutu da na yi. An cire, ina da shaida, amma aka ce ba a gani a lissafinsu ba, sai in je in nemo. Kuɗin da ban taɓa ba, ni zan bi sawunsa!

Daga nan shiru. Damina ta wuce, wata ta zo. Yau fayil yana teburin oga, gobe oga ya tafi taro, jibi an yi masa canjin wurin aiki, sabon kuma bai karanta ba. Akanta ya ce akwai kotun ƙarar haraji a Kaduna, amma mu jira su rubuto cewa sun ƙi, sannan mu ɗaukaka. Su kuwa ba su amince ba, ba su ƙi ba. Ni aka ba kwana 30, su babu wanda ya ƙirga musu.

Ana cikin haka aka tallata aikin buga takardun jarrabawa, wanda ya kamata ya ɗaga ni. Sharaɗi: takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku. Doka ta ce in ka nema a ba ka cikin mako biyu, ko a faɗa maka dalili. Dalilin da aka ba ni da baki shi ne "maganarka tana gaba". Aikin ya tafi hannun wani. A shekarar ne aka ɗaga bikin Ummi, kuma dangin uwarta sun faɗi abin da suka faɗa. Yaya kuwa, wanda har yanzu yake cewa taurin kaina ne, shawararsa ita ce in ba da na goro a rufe fayil. Yaya, in kana karantawa, ban bayar ba, kuma ɗan Alhaji ba zai sayi haƙƙinsa da kuɗinsa ba.

Kwanan baya ɗana ya karanta mini sabuwar dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025. Yanzu in ka kai ƙorafi ba a amsa ba cikin kwana 90, an ɗauka kai ne da gaskiya. An kuma kafa ofishin karɓar koken masu biyan haraji. Na sa ya maimaita wajen kwana 90 ɗin, hawaye suka zo mini. Da Alhaji yana raye da ya ce sai ya gani a ƙasa, domin hukuma ba ta sauri sai in karɓa za ta yi.

Amsar masu haraji kan ƙorafina ta iso daga baya, an rage kuɗin sosai, amma an ɗora ruwa na duk watannin da fayil ya yi a hannunsu. Yadda muka kwashe a kan wannan ruwan, da dalilin da ya sa na sayar da injin farko, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.