Kwata da gatar rufi a gidajen hayar da nake kula da su a Gombe

Gidajen haya biyu na Kawuna nake kula da su, ɗaya a Tudun Wada, ɗaya a Pantami, kuma yawancin kuɗin gyaran da muke kashewa, in ka bi diddigi, ruwan sama ne da ya rasa hanyar fita. Duk wanda ya zauna a Gombe ya san halin ƙasar nan: yashi ce, garin kuma gangare ne. Ruwa ba ya tahowa shi kaɗai, sai ya kwaso yashi da leda ya zube su a kwatar ƙofar gidanka. Kwazazzaban da zaizayar ƙasa ta haƙa a tsakiyar unguwanni sun isa shaida.

Masu gida da yawa ba sa lissafin yawan ruwan da rufinsu yake tarawa. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 200, in aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, ya tara lita 10,000, wato duro 50. Da na yi wa Kawu wannan lissafin, sai ya ce, "Kai yaro, duk a kan kwanon nan?" Na ce, "Duk a kansa, Kawu, kuma ta bututu huɗu kawai zai sauka." Tun ranar bai ƙara yi mini gardamar kuɗin lebura ba.

Gidan Tudun Wada rufinsa irin na da ne, kwano ya zarce bango, ruwa na zuba ƙasa kai tsaye. Wahalarsa kaɗan ce. Mun zuba kankare a gindin bango mai ɗan gangare zuwa waje, don kada ruwa ya kwanta ya jiƙa fandisho, shi ke nan.

Na Pantami ne mai aiki. Irin ginin yayin nan ne da ake ɓoye kwano a bayan bango, a yi gatar kankare a ciki, wato magudanar da ke tara ruwan rufi ta kai shi bututu. Daga titi ya yi kyau, amma abin da ke cikin gatar ba mai ganinsa sai wanda ya sa tsani. A ƙarshen Maris nake hawa, bayan hunturu ya gama zuba ƙura, kafin hadari ya fara haɗuwa. Abin da nake tararwa kusan iri ɗaya ne kullum: ƙura ta kwanta ta kai tsawon ɗan yatsa, busasshen ganyen dogon yaro, sheƙar tantabaru, ledar fiya wata da iska ta ɗauko, wani lokaci har ƙwallon yara ta zauna daidai a bakin bututu kamar an gwada ta. A bushe ake kwashe wannan da tsintsiya da bokiti. In ka bari ruwan fari ya taɓa shi, ya zama taɓo, ya gangara cikin bututu ya daskare a gwiwa, sai an yanka fayif.

Bayan shara nakan sa a miƙo mini ruwa bokiti biyu in zuba a ƙarshen gatar, in tsaya ina kallo. Inda ruwan ya tsaya, gangaren bai yi ba, kuma nan ne danshi zai ratsa kankare ya fito a silin ɗin ɗan haya. Magini yana gyara wannan da siminti a yini guda. Tsagewa ma a lokacin ake ganinta. A bakin kowane bututu na sa raga, na kuma sa aka huda bango sama kaɗan da bakin, aka sa ɗan guntun fayif kamar indararo. In bututu ya toshe da tsakar dare, ruwa ya bi nan ya zuba waje maimakon ya cika ya koma ƙarƙashin kwano. Ban ga kuɗin da ya biya kansa kamar wannan ba.

Kwatar ƙofar gida kuwa rigimarta ta mutane ce. Kowane ɗan haya yana ganin aikin na maƙwabcinsa ne, mai shagon gaba kuma ya ce shi ba ya zuba ruwan wanki. Ra'ayina shi ne yashewar shekara nauyin mai gida ce, domin bangonsa ne zai zube. Abin da na rubuta a takardar haya biyu ne kawai: ba zuba shara a kwata, ba rufe ta da kankare. Wani mai shago ya taɓa rufe gabansa ruf don ya samu wurin ajiye benci. Sai da aka fasa, muka sa murfin da mutum biyu za su iya ɗagawa.

Ranar yashewa ina biyan mai baro tare da masu shebur. Abin da ake yi a unguwanni da yawa, a kwashe yashin a tara a bakin kwata a ce sai ya sha iska, aikin banza ne, ruwa ɗaya ya ishe shi ya koma inda ya fito. Daga ƙasa ake farawa, wajen kwalbati, a hauro, don ruwan da ya kwanta ya samu mafita. Kuma nakan sanar da maigidan da ke ƙasa da mu, mu haɗa rana, saboda in tasa a toshe take, tawa ba za ta gudana ba.

Ruwan da ya kwana mako guda zuwa kwana goma a kwata ya isa sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi, shi ya sa a Yuli da Agusta nake leƙawa bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Matan gidan ma sun saba, da sun ga ya kwanta za a aiko yaro ya ce, "Malam, wai Inna ta ce kwata ta tsaya." Rufi kuma nakan sake hawa a tsakiyar damina, sannan a Oktoba in duba inda ya yi yoyo tun tabon bai bushe ba, in rubuta wa Kawu abin da za a gyara da rani.