Wai Elmo ne ɗan tsanan da aka fi ƙi a shirin yara? Ni ga yadda nake ganin abin

Jama'a salamu alaikum. Duk wanda ya taɓa jin hirar masoyan Sesame Street, wannan shirin yara na Amurka da aka fara tun 10 ga Nuwamba 1969, ya san in aka ce a faɗi ɗan tsanan da ba a so, suna guda ne ke fara fitowa, Elmo. Jan nan mai ƙaramar murya da dariyar da ba ta ƙarewa. Kuma abin da ya ja hankalina shi ne ba yara ke ƙin shi ba hwa, manya ne, waɗanda suka girma da shirin a shekarun 1970 da 1980, yanzu sun zama iyaye har da kakanni, su ne ke cewa Elmo ya ɓata musu shiri. Mu nan Maradi da yawanmu ba da shi muka tashi ba, Tele Sahel muka sani da ɗan desan animen da ake sakawa da marece, sai da parabol ta yawaita sannan waya ta shigo hannun kowa ɗiyanmu suka san su Elmo, don haka ni da idon uba nake kallon rigimar, ba da idon wanda aka taɓa mishi ƙuruciya ba.

Laifin da suke ɗora mishi kashi biyu ne. Na farko murya da yadda yake magana, ba ya cewa "ni", sai dai "Elmo na son kaza, Elmo ya yi kaza", wasu iyaye na tsoron yaro ya kwaikwaya. Wannan ni ban ɗauke shi da nauyi ba wallahi, don an tsara shi ne a matsayin ɗan shekara 3 da rabi, kuma duk mai ƙaramin yaro a gida ya san haka suke magana kafin baki ya nuna, autata ma da sunanta take kiran kanta in tana son kunu, ba ta taɓa jin turancin Elmo ta gane ko kalma ɗaya ba.

Na biyun shi ne mai ƙarfi, kuma a nan ina bayan su. Da can Elmo ɗan tsana ne na bayan fage, ba wanda ya damu da shi, sai da Kevin Clash, mai sarrafa 'yan tsana, ya karɓe shi a tsakiyar shekarun 1980 ya ba shi wannan murya, ya riƙe shi har 2012. A 1996 aka fito da abin wasan nan Tickle Me Elmo wanda in ka taɓa shi yake ƙyalƙyala dariya, mutanen Amurka suka yi ta turereniya a kantuna lokacin Kirsimeti har ya ƙare a kasuwa. Shekara 2 bayan haka, a 1998, aka yanke minti 15 na ƙarshen shirin aka ba shi shi kaɗai, Elmo's World. To ka ga shiri na awa guda, kwata guda ta tahi wurin mutum ɗaya. Dalilin masu shirin shi ne masu kallon su sun ƙara ƙanƙanta, 'yan shekara 2 da 3 suka yi yawa gaban tele, ga kuma wasu shirye-shiryen yara irin su Barney sun shigo suna jan yara. Na fahimci dalilin, amma wa ya biya kuɗin? Su Grover, su Bert da Ernie, su Count mai ƙidaya, har Big Bird kanshi wanda da shi ne uban gidan titin, duk suka ja baya. A 2016 kuma aka mai da shirin rabin awa, wuri ya ƙara matsewa. Wanda ya girma da unguwa cike da mutane kala kala, mai fushi, mai tsoro, mai mantuwa, mai shirme, sai ya waiwayo ya tarar yaro ɗaya ne ke ta dariya daga farko har ƙarshe, dole ranshi ya ɓaci. Sai dai ni ba Elmo nake ba laifi ba, ɗan tsana bai raba ma kanshi minti ba, kasuwa ce ta raba.

Bayan Elmo sai Abby Cadabby, wadda aka kawo a 2006, ruwan hoda, da fukafukai da sandar sihiri. Su can abin da suke cewa an yi ta ne don a sayar ma 'yan mata kaya, wai ba ta da wani hali na kanta. Mu nan damuwarmu daban ce, kuma zan faɗe ta kai tsaye, sandar nan. Yayata, wadda malama ce a lakkwal ɗin firamare, in Abby ta fito canza tasha take, ta ce mini "ƙanena, yaron da bai gama haddace Fatiha ba kar ka fara cika mishi kai da cewa ana kaɗa sanda abu ya rikiɗe." Ni ban kai ta zafi ba, amma akwai wani abu da ya fi damuna game da Abby ko an aje zancen addini gefe, shirin nan ƙarfinshi shi ne yaro ya ga matsala an warware ta da haƙuri da ƙidaya da tambayar babba, sihiri kuwa gajeriyar hanya ce, ko da yake gaskiya sau da yawa sihirin nata kan kwaɓe ne sai an koma an yi tunani. In aka tilasta ni in fidda wadda ba ta kwanta mini ba, ita ce.

Zoe kuma, da ta zo a 1993, rigimarta da dutsen ta ne Rocco, wanda take cewa mai rai ne, shina cin biskit shina magana, Elmo na ta haushi. A Janairun 2022 wani tsohon guntun bidiyon su ya zagaye intanet, mutane suka koma bayan Elmo, har waɗanda suka shekara suna zagin shi. Baby Bear ma akan ambace shi saboda yadda yake tauna harshe. Waɗannan ba zan tsaya a kansu ba.

Abin da ba a cika faɗi ba a irin wannan hira shi ne akwai 'yan tsanan da ƙorafi ya fidda su daga shirin gaba ɗaya, kuma labarin su ya fi koya ma iyaye wani abu. Akwai Don Music, mai kaɗa piyano, in waƙa ta ƙi mishi sai ya riƙa buga kanshi a jikin piyanon, yara suka fara kwaikwayo a gida, aka aje shi. Wannan hukunci daidai ne ɗari bisa ɗari, don an ga cutarwa a jikin yaro. Akwai Roosevelt Franklin wanda aka cire a tsakiyar shekarun 1970, wasu na ganin yadda aka nuna shi da ajinsu mai hayaniya cin fuska ne ga baƙaƙen fatar Amurka, wasu baƙaƙen kuma na cewa shi ne kaɗai ke magana irin ta gidansu, har yau ba a daidaita ba. Sai Snuffleupagus, abokin Big Bird mai kama da giwa, shi ba cire shi aka yi ba gyara aka yi. Shekara da shekaru Big Bird na cewa shina da aboki manya na ƙaryata shi, sai a 1985 aka sa manyan suka gan shi da idonsu suka ba Big Bird haƙuri, saboda masu shirin sun ji tsoron yaron da aka ci zarafin shi ya ɗauka in ya faɗi ba za a yarda da shi ba. Wannan ya taɓa ni sosai, don a gidajenmu sau nawa yaro ke buɗe baki a ce mishi rufe mana baki maƙaryaci.

Shi ya sa nake ganin in za mu auna ɗan tsana, mu bar zancen wane ne muryarshi ke sa mu ciwon kai, mu duba mi yaro ke tashi da shi in an kashe tele. Dubi Oscar, wanda ke zaune cikin kwandon shara shina ta masifa, Caroll Spinney ne ya riƙe shi tare da Big Bird tun 1969 har 2018. Manya na son shi ƙwarai, amma uwa ta Maradi in ta ga ɗanta na koyon tsaki da hararar baƙo ba za ta yi dariya ba. Duk da haka ni ina kare shi, don kowace unguwa akwai dattijo mai faɗa wanda ake gaidawa a hakan, kuma yaro na buƙatar sanin yadda ake zama da irin shi ba tare da an rama ba.

Mafi kusa da mu kuma Kami ce. An fara ta a Afirka ta Kudu a 2002 cikin Takalani Sesame, wato Sesame Street na ƙasar, 'yar tsana ce a matsayin yarinya 'yar shekara 5, marainiya, mai ɗauke da ƙwayar cutar sida, lafiyarta lau tana wasa da kowa. Tun kafin ta fito wasu 'yan majalisar Amurka suka rubuta takarda cewa kar a kuskura a kawo ta tashar su, ka ga ita ma ta sha ƙiyayya, kuma daga manya. A 2003 UNICEF ta naɗa ta mai kare haƙƙin yara. Da Najeriya ta fara nata shirin, Sesame Square, a NTA cikin 2011, Kami ce a gaba tare da Zobi, shuɗin nan direban tasi mai son doya kamar ranshi, daga baya aka yi na Hausa, Dandalin Sesame, wanda aka nuna a Arewa24. Na san a nan ma akwai mai cewa mi ya kai zancen sida gaban yara, to amma wanda ya taɓa ganin yadda ake janye tabarma daga marayan da aka ce iyayensu da ita suka rasu, ya san yaran sun riga sun ji zancen, a mummunan baki suka ji shi.

Kuma a gidana dai gardamar Elmo ba ta da wani tasiri da zarar Zobi ya buɗe baki da Hausa, yaran barin na turanci da na faransanci suke su matso. Mu da muke da ɗiyan dabo tun kaka da kakanni, masu dabo na fiddo su daga ƙarƙashin riga a kasuwa suna rawa suna magana yara na bin su, ban ga abin da zai hana a samu shirin 'yan tsana na Nijar ba, da Hausar Maradi da Damagaram da Zabarmanci, mai koyar da ƙidaya da dala da jikka, da wanke hannu, da shan maganin masassara lokacin damina. Matasan da ke wasan kwaikwayo a garin nan da teloli masu iya ɗinka soso da yadi ba su ƙare ba, abin da ya rage mai ɗaukar nauyi ne da tashar da za ta ba su rabin awa ranar Asabar da safe.