Talata, dutin safe a ɗakin matan da aka yi wa tiyata

Sanyin Jos yau ba a magana, tun a cikin keke daga Bauchi Road yatsuna suka ƙage, da kyar na iya riƙe biro lokacin handoba, wato karɓar aiki daga masu dutin dare. Ni ɗalibar aikin jinya ce, Sista, nas ɗin da ke kula da mu, ta ba ni gadaje na ɓangaren taga in yi musu awo, zafin jiki, bugun zuciya, numfashi da hawan jini.

A cikinsu akwai wata Mama da aka yi wa aiki a ciki jiya da yamma. Hawan jininta 110/70, lafiya lau a ido, amma bugun zuciyarta 112, numfashi 24 a minti, alhali babban mutum a kwance bugunsa tsakanin 60 da 100 yake, numfashi kuma 12 zuwa 20. Sai juyi take tana cewa "'yata ki taimaka min da ruwa, maƙogwarona ya bushe", hannunta sanyi ƙalau ga wani gumi-gumi a goshi. 'Yarta da ke jinyarta ta ce ai sanyin gari ne a ƙara mata bargo, kuma wallahi a garin nan wannan magana ce da kowa zai yarda da ita. Ni dai hankalina bai kwanta ba, mai jin sanyi ina shi ina gumi, na ɗauki fayil ɗin na kai wa Sista.

Ba ta ce min komai ba sai "karanto min tun na daren jiya". Bugun zuciya 84, sai 92, da asuba 100, yanzu 112. Ta ce to je ki duba robar fitsari. Ɗan kaɗan ne a ciki kuma ya yi duhu, ga shi an koya mana duk awa ya kamata a samu kamar rabin mil, wato mililita, a kan kowane kilo na nauyin mutum, wajen mil 30 ke nan ga babba. Nan take ta sa aka kira likita, aka ƙara gudun ruwan da ake sa mata, aka sa mata iskar oksijin, aka ɗebi jini a kai lab, ni kuma ta ce kar in matsa daga gadon, awo duk minti 15. Kafin azahar an koma da ita tiyata, jini ne ke zuba ta ciki.

Da muka samu sarari Sista ta zaunar da mu ta yi mana bayani, idan jini na raguwa zuciya ƙara gudu take, jijiyoyin fata su tsuke don a tura jinin ga ƙwaƙwalwa da zuciya, shi ya sa hannu ke sanyi, ƙoda ta rage fitsari, hawan jini kuma ya yi ta riƙewa har sai abu ya yi nisa sannan ya faɗi. Wanda ya tsaya jiran ya ga ya faɗi ya makara.

Abin da ke raina tun ɗazu shi ne yadda 'yan ajinmu ke cewa tiyori, wato karatun aji, haddar jarrabawar Kansil (hukumar da ke ba nas-nas lasisi) ce kawai, ba ta da amfani a gaban maras lafiya. Ban yarda ba, yau kam ko kaɗan. Matakai huɗun yanke shawara a gaban maras lafiya da Christine Tanner, masaniyar aikin jinya, ta tsara a 2006, ka lura, ka fassara abin da ka gani, ka ɗau mataki, sannan ka waiwaya, su ne na ga Sista ta bi ɗaya bayan ɗaya ko sunansu ba ta kira ba. Buƙatu 14 na maras lafiya da Virginia Henderson, wata masaniyar jinya, ta jera, da muke ta rerawa kuwa, na farko numfashi, na biyu ci da sha, na uku fitar da bayan gida da fitsari, kuma duka ukun nan sai da suka yi magana a jikin Mama yau. Abin da nake so dai a riƙa haɗa mana karatun da gado tun a shekarar farko, malami ya kawo fayil irin wannan aji ya ce me kuka gani, maimakon a bar mu da jerin sunaye da shekaru.

An fito da ita wajen la'asar, ana ƙara mata jini, bugun ya sauko 96, ta buɗe ido har ta tambayi 'yarta ko ta ci abinci. Alhamdulillah. Allah ya ba ta lafiya, ya saka wa Sista da alheri.

Yanzu zan ɗumama tuwo in zauna rubuta tsarin kulawar Mama, Sista ta ce gobe kafin handoba in nuna mata, kuma in zo da dalilin kowane mataki da na rubuta.