Abin da tura ɗalibai wajen masu sana'a a dogon hutu ya koya mini

Ni malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare a Kano. Shekaru ke nan, duk dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, nakan rarraba wasu 'yan aji biyar wuraren aiki su je su zauna a ƙarƙashin masu sana'a. Ba aikin da aka ɗora mini ba ne. Babu shi a jadawali, babu kuɗin da aka ware masa. Abin da ya tura ni shi ne darasin sana'a da muke sa yara su rubuta a jarrabawa.

Wanda ba ya harkar makaranta wataƙila bai sani ba. Tun 2011 hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta shigo da darussan sana'a guda 34 a babbar sakandare, aka ce dole kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya. Akwai gyaran wayar salula, kiwon kifi, rini, ɗinki, aikin fata, walda, girki da sauransu, kuma a 2014 aka fara rubuta su a WAEC. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage su zuwa shida, ciki har da haɗa sola, ɗinki, kiwo da gyaran waya da kwamfuta. Niyyar mai kyau ce, ban taɓa shakkar wannan ba. Sai dai a yawancin makarantun da na sani, allo da alli ne kawai kayan aikin. Yaro zai zana maka cikin waya tsaf, ya sa wa kowane ɓangare suna, ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa kwance ko noti ɗaya ba. Shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, wanda hukumar horas da ma'aikata ta ITF ta ƙirƙiro a 1973, shi kuwa na 'yan jami'a ne da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Ɗan sakandare ba ya ciki, duk da cewa da yawa daga cikin yaranmu a sakandaren karatunsu zai tsaya.

Abin ya tsaya mini a rai domin garin da muke ciki kaf ɗinsa wurin koyon aiki ne. Ga masu gyaran waya a Farm Centre, ga kanikawa da 'yan kayan gyara a Ƙofar Ruwa, ga marina a Ƙofar Mata, ga dukawa a Ƙofar Wambai, ga Kantin Kwari, ga masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Challawa. Kayan da makaranta ta rasa suna nan jibge, kuɗin adaidaita sahu ne tsakaninmu da su.

Babban abin da na fahimta a wannan aiki shi ne, ba wurin ake zaɓa ba, mutumin ake zaɓa. Iyaye da yara duk sun fi son a ce ofis ne, mai na'urar sanyaya ɗaki da kujera mai juyawa. Na kai yara irin waɗannan wurare, an karɓe su da mutunci, amma wasunsu sun gama hutun ba abin da suka yi sai zama a gefen tebur suna latsa waya, in an tuna da su a ba su takarda su kai sama. Ba mugunta ba ce. Babu wanda aka ce yaron nan naka ne, shi ya sa kowa ya ɗauka na wani ne.

Wani yarona kuma a wata 'yar rumfa na ajiye shi, wajen mai gyaran waya, wurin da mutum uku in sun zauna sai gwiwoyinsu sun haɗu. Ranar da na leƙa, na tarar ogan ya zube masa matattun wayoyi a cikin wani tsohon kwali, ya ba shi hantsaki da mitar gwajin wuta da ƙarfen narka dalma. Ya ce masa, “Cire min wajen cajin nan ka mayar. In ka ƙona shi ɗauko wani, duk matattu ne.” Yaron ya sunkuya, gumi na ɗiga daga haɓarsa, hannunsa na rawa. Ogan bai karɓe aikin ba. Yana can yana haɗa sikirin ɗin wata mata, sai dai lokaci-lokaci ya waiwayo ya ce, “Rage wuta,” ko “Ɗaga hannunka, kada ka danne.” Da yaron ya gama, ya ɗora bakin mitar a ƙafafun abin, ta yi ƙara, ogan ya ce, “To, ta haɗu.” Iyakar yabon ke nan, amma har na bar wurin yaron bai daina murmushi ba.

Da aka dawo makaranta muka shiga darasin lantarki, ina bayanin abin da ke faruwa idan wuta ta sami gajeriyar hanya, sai wannan yaro ya ɗaga hannu. A da, a bayan aji yake zama, ba a jin bakinsa. Ya ce, “Malam, ai shi ya sa waya take zafi tana shanye batir ko ba a taɓa ta ba. Oganmu yana shafa wa allon cikin wayar wani hayaƙi fari, in ya ba shi wuta, inda ya fara narkewa nan matsalar take.” Ajin ya yi tsit. Dokar Ohm, wato ƙa'idar yadda wutar lantarki ke gudana, da na yi shekaru ina rubutawa a allo, ranar ce na ga yara sun saurare ta kamar labarin da ya shafe su.

Tun daga nan na canza yadda nake neman wuri. Ba na sanar da zuwana. Nakan je in zauna kamar mai jiran gyara, in zuba wa yaran shagon ido, ba maigidan ba. Suna taɓa kayan aiki ko kallo kawai suke? In ɗaya ya yi tambaya ana amsa masa ko tsawa ake daka masa? In an kira salla ana tashi? Sannan in tambayi maigidan yara nawa ya yaye, ina suke yanzu. Wanda ya yaye mutane ba ya ɓoyewa, da alfahari zai nuna maka rumfunansu. Tambayata ta ƙarshe kullum ɗaya ce: “Oga, in ya fasa maka kayan mutane fa?” Wani zai ce uban yaron ya biya. Wani zai yi dariya ya ce, “Malam, ai ba zan ba shi na mutane ba sai ya gama fasa nawa.” Wannan na biyun nake ba wa yaro.

Akwai maganar aike, wadda ita ce ƙorafin yara na farko. Sayo abinci, ɗebo ruwa, share shago, kai saƙo layin baya. Ni ban ɗauke ta abin ƙi ba. Haka koyon sana'a yake farawa a wajenmu tun kaka da kakanni, kuma a cikin aiken yaro yake sanin kasuwa, ya san wa ke sayar da kaya na gaske, wa ke sayar da jabu, ya koyi gaisuwa da karɓar canji. Amma yaron shago na asali shekaru zai yi, yana da lokacin da zai yi shara kafin a ba shi sifana. Nawa 'yan makonni gare shi. Don haka nakan yi yarjejeniya da maigida tun farko: a aike shi, ban hana ba, amma kowace rana ya zama akwai lokacin da kayan aiki ke hannunsa. Yaron kuma ina ba shi ɗan littafi ya rubuta abin da ya gani, abin da ya taɓa da hannunsa, da abin da bai gane ba. Na ukun nan na fi karantawa. In na ga ba ya cika shi, na san ko dai ba a nuna masa komai, ko kuma kunyar tambaya yake ji.

Iyaye da yawa sukan zaci yaro zai dawo da sana'a a hannu. Ba zai dawo da ita ba, gara a gaya musu gaskiya. Hutu ɗaya ba ya mai da mutum tela ko makaniki. Abin da yake yi shi ne ya nuna wa yaro yadda aikin yake daga safe zuwa yamma, ba yadda ake ba da labarinsa ba. Wata ɗalibata tun tana aji ɗaya take cewa likita za ta zama, har gida sun fara kiran ta da sunan. Na sama mata wuri a wani ɗakin gwajin jini da wata mata ke riƙe da shi. Ashe ba ta iya kallon allura na shiga jijiya, jiri take ji. Amma in aka zaunar da ita gaban madubin ƙara girman ƙwayoyin cuta, aka nuna mata yadda ake gano zazzaɓin cizon sauro a ɗigon jini, sai an tashe ta. Da lokacin cike JAMB ya zo, kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ta zaɓa, kuma ta san dalilinta. Yara nawa ne suke cike likitanci ko lauyanci don kawai su ne sunayen da suka ji ana girmamawa?

Maganar 'yan mata ta fi ta maza wuya, kuma ban ga laifin iyayen da suke ja da baya ba. Wani dattijo ya ce mini, “Malam, ba aikin nake ƙi ba. Hanyar nake tsoro, da wanda za ta wuni a wajensa.” Gaskiyarsa ne. Abin da na ga yana kwantar da hankali shi ne a kai yarinya hannun mace, a tura su bibbiyu, a tashe su da la'asar, kuma uban ko yayan ya je da ƙafarsa ya ga wurin kafin a fara. Inda nake da ja shi ne yadda da an ce mace sai kowa ya kawo ɗinki da lalle da yin kek. Sana'o'i ne masu albarka, mata da yawa da su suke riƙe da gidajensu. Amma a ajina akwai 'yan matan da suka fi kowa lissafi, kuma su ma suna da haƙƙin su ga yadda ake aikin akanta, ko zanen gini, ko haɗa manhajar kwamfuta.

Haɗari ma yana nan. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta hana a sa wanda bai kai shekara 16 ba aikin inji, kuma ina riƙe da wannan ko da maigida ya ce ba komai. Ba na kai yaro wajen walda in ban ga tabarau na kariya ba, ba na yarda a hau da shi rufin gida haɗa sola. Akwai garejin da na shiga na fito ban ko yi maganar da ta kawo ni ba, saboda abin da na ga manyan yaran wurin suna sha a bayan wata matacciyar mota. Sai kuma haɗarin da ba a cika ambata ba, wato kuɗi. Yaron da bai taɓa riƙe nasa ba, in ya fara samun na sabulu kullum, makaranta takan fita masa a rai. A nan ma mutumin ne maganin. Na ji wani maigida yana ce wa yarona ranar ƙarshe, “Ka koma ka gama karatunka. Ni da na yi, da ba sai na nemi mai karanta min takardar kaya ba. Asabar da Lahadi ka zo.” Maganar da na yi ta faɗa masa a aji ke nan, amma daga bakin ogansa ya karɓe ta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wa ke samun wannan dama. Ɗan likita ko ɗan babban ɗan kasuwa ba ya bukatata, mahaifinsa zai ɗaga waya sau ɗaya a karɓe shi. Ɗan mai gadi da marayan da kakarsa ke riƙo su ne ba su san kowa ba, kuma su ne kuɗin mota ke fara kayarwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 abin ya ƙara tsanani, yaro zai fara da zumuɗi, a mako na biyu ya ɗauke ƙafa, in ka bincika ba lalaci ba ne. Yanzu unguwa nake fara dubawa, in nemi wurin da yaro zai iya takawa. A Faransa doka ce kowane ɗan ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ya yi mako guda a wurin aiki, kuma daga Yunin 2024 aka ƙara mako biyu ga 'yan ajin farko na babbar sakandare. Ko a can ana kukan cewa yaran da iyayensu ba su da hanya suna shan wuyar samun wuri. To ina ga mu, da ko dokar ba mu da ita.

Ba wani abu mai tsada nake so daga hukuma ba. Takarda ce da makaranta za ta ba yaro ya kai, wadda maigida zai gani ya san ba shi kaɗai aka bar wa nauyi ba, da rajistar masu sana'ar da aka bincika aka yarda da su, da ɗan kuɗin mota ga wanda ba shi da shi. A Kaduna an ga yadda kwalejin kimiyya da fasaha ta jawo masu sana'ar tsohuwar kasuwar Panteka, ana auna ƙwarewarsu ana ba su shaida. Mutanen da aka riga aka tantance haka, su ya kamata a fara danƙa wa 'yan sakandare.

Kafin a kai can, ina ci gaba da yawon rumfuna ranar Asabar. A bana abin da na sa gaba shi ne neman mata masu aikin lissafin kuɗi da kwamfuta da haɗa magunguna da za su karɓi ɗalibai, domin 'yan matan da suka rubuta suna sun fi wuraren da nake da su yawa.