Ciwon bayan Mma da muka ɗauka na gajiya ne

Ƙannena na zango, ku da iyayenku ke raye, don Allah ku karanta wannan har ƙarshe. Ni na yi sakaci da mahaifiyata kuma har yau abun na cina a rai.

Mma koko da ƙosai take saidawa a Aboabo nan Kumasi tun muna yara. An taɓa cire mata mama ɗaya saboda ciwon daji, ta sha magani, ta warke a ganinmu, muka yi sadaka muka rufe zancen. Ranar komawa asibiti ma in ta zo sai tace ai lafiyarta lau, wa zai tsare mata tukunya, ni kuma nace to Mma.

Bayan shekara 2 sai ta fara kukan baya, tsakiyar bayan, daidai inda ɗaurin zani ke tsayawa. Nace sunkuyo ne da ɗaukar itace. Na siyo mata maganin ciwon jiki a kemis, da man zafi, har mai tausa na kawo ta danna wurin da ƙarfi Mma na cije leɓe, wallahi in na tuna wannan sai hawaye. Abun da ban lura ba, ciwon gajiya in ka kwanta yana sauƙi, nata kuwa da dare yake tashi, ƙarfe 2 zaka sameta zaune bakin gado ta dafe bango, tace kamar an ɗaure mata ƙirji da igiya. Sallah ma ta koma yi a zaune.

Daga baya likita ya zaunar dani yayi min bayani. Dajin mama, da na furostet wato ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza, da na huhu, ƙoda da tayirod wato ƙullin da ke gaban wuya, su suka fi bin jini su sauka a ƙashi, kuma ƙashin baya suka fi kamawa, ko da shekaru sun wuce. Yana cin ƙashin har ya rufta, ko ƙarin ya danne lakar da ke cikinsa, ita kuma lakar nan ita ke kai saƙo ƙafafu da mara.

Babban kuskurena ranar wata Alhamis ne. Mma tace ƙafafunta sunyi nauyi, silifas na zame mata bata ji, fitsari kuma baya fita sosai. Nace bari Litinin tayi in karɓi kuɗi mu tafi. Kafin Lahadi ta kasa miƙewa. Likitan yace irin wannan cikin awa 24 ake so ayi hoton MRI, wato hoton na'ura da ke nuna har lakar, don eksire na iya nuna ba komai alhali akwai, a fara bada maganin da ke sauke kumburi, sannan a haska wurin da na'ura ko ayi tiyata. Wanda ya iso asibiti da ƙafarsa yawanci yana cigaba da tafiya, wanda aka kawo a kwance kuwa da wuya ƙafar ta dawo. Kwana 4 na jira.

To ku, in Baba ko Mma ko Hajiya sun taɓa yin daji, ciwon bayan da ya ƙi ji ko yake hana barci kar ku tsaya a kemis. Ku ɗauki tsoffin takardun asibitin ku tafi dasu, ku faɗa wa likita tun a bakin ƙofa cewa an taɓa yin daji, kar kunya ta hanaku. A Kumasi akwai sashen daji a asibitin Komfo Anokye, a Accra akwai asibitin Korle Bu. In ƙafa ta fara nauyi ko fitsari da bayan gida suka rikice, a daren za'a tafi, ko rance ne a ci, kuɗin tasi ba zai gagari maƙwabta ba. Addu'a da rubutu ayi, amma a hanya. Yawan ƙishirwa da rikicewar tunani ma ku faɗa, ƙashin in yana narkewa sinadarin kalsiyam na taruwa a jini.

An haska wa Mma bayan, ciwon ya lafa sosai alhamdulillahi, tana barci yanzu. Ƙafafun dai basu dawo ba. Ni da ƙanwata muke juyata duk bayan awa 2 don kar kwanciya ta mata gyambo, tukunyar kokon kuma ƙanwar tawa ce ke tsaye akanta da asuba, Mma na daga kan keke tana faɗa mata gishirin ƙosai yayi ko bai yi ba.