Injin wanki ya ƙi shan ruwa ko ya ƙi zubarwa: inda za a duba kafin a sayi kaya

A Yamai, da zarar injin wanki ya tsaya da ruwa fal a cikinsa, ko ya yi ta gunji ruwa bai shiga ba, maganar farko da ake ji ita ce "kati ya ƙone". Kati kuwa, wato allon kuran da ke sarrafa aikin injin, yana cikin kaya mafi tsada a jikinsa, kuma shi ya kamata a zarga daga ƙarshe. Yawancin wannan ciwo a hanyar ruwa yake: raunin ruwan gida, yashi da laka, tsabar kuɗin da aka manta a aljihu, ko yadda aka ajiye tiyo. Kafin a taɓa komai, a zare wayar injin daga bango, a rufe robine. Wannan ba abin sakaci ba ne, kuran 220 da jiƙaƙƙen hannu suna kisa.

Mu fara da shigar ruwa. A bayan injin, inda tiyo yake haɗuwa da shi, akwai bawul mai aiki da kuran, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya ya kuma rufe ta, wanda masu gyara ke kira elektroban. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kuran ba ya buɗe bawul ɗin shi kaɗai. Ƴar ƙaramar kafa yake buɗewa, sai ƙarfin ruwan da kansa ya ɗaga robar da ke ciki. Shi ya sa kamfanoni da dama suke rubuta cewa injin yana bukatar ƙarfin ruwa na aƙalla rabin bar. Bar ɗaya daidai yake da tsawon ruwa na kimanin mita 10. Ke nan gidan da ya ɗora tanki a kan rufi mai tsawon mita 3 bai wuce bar 0,3 yake samu ba. Ruwan zai zubo a robine lafiya lau, a yi alwala, a cika buta, amma injin zai yi ta tsiyaya har lokacin da aka ɗebar masa ya ƙare, ya tsaya ya nuna lamba. Samsung yana nuna 4E ko 4C, LG yana nuna IE, Bosch kuma E17 ko F17. A irin wannan gida ko an sauya bawul sau goma ba abin da zai canza. Maganin shi ne a ɗaga tankin, ko a sa ɗan injin ƙara ƙarfin ruwa a kan layin. Haka ma a watannin zafi, Afirilu da Mayu, lokacin da ruwa ke rauni da rana a unguwanni da yawa, wanki da asuba ko da dare kan warware matsalar ba tare da an kashe ko dala ba.

Gwajin ba wuya. A kwance tiyon daga jikin injin, a sa bakinsa a bokiti mai lita 10, a buɗe robine. In ya cika cikin minti ɗaya ko kusa da haka, ruwan gida ba shi da laifi. Daga nan a leƙa bakin bawul: akwai ƴar rariya ta roba, girmanta bai fi kan yatsa ba. A jawo ta a hankali da filaya. Sau da yawa za a same ta ta yi ja da yashi da tsatsa, musamman bayan an ɗauke ruwa an dawo da shi, ko a gidan da ke amfani da rijiyar burtsatse. A wanke da tsohon buroshin haƙori, in ta yi farin ɓawo a jiƙa ta cikin binigar. Kada a jefar da ita don ruwa ya ƙara gudu, domin ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a robar bawul, ba zai ƙara rufewa da kyau ba.

In rariya tana da tsabta, ruwa yana da ƙarfi, sai a tabbatar ƙofa tana kullewa, don injin mai ƙofa a gaba ba ya jan ruwa sai makullin ya ba da alama. Bayan haka a auna bobin ɗin bawul, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke jikinsa, da miltimeta, na'urar awon kayan kuran, injin a kashe, an zare wayoyin bobin ɗin biyu. Na 220 yakan nuna tsakanin om 3.000 zuwa 4.500. In allurar ba ta motsa ba sam, wayar ciki ta tsinke, bawul ya mutu.

Akwai kuma akasin haka, injin da ke shan ruwa ba ya tsayawa. A zare wayar daga bango ruwa yana cikin shiga. In ya ci gaba da kwarara, bawul ne ya maƙale. In ya tsaya cak, to a koma ga na'urar da ke auna yawan ruwa, furesosta. Tana can sama ƙarƙashin murfi, da siririn tiyo da ya sauka zuwa gindin ganga. Ruwa in ya hau, yana matsa iskar da ke cikin tiyon, ita kuma ta sanar da kati cewa ya isa. Tiyon in ya huje, ko ɓera ya ci shi, injin ba zai san ya cika ba. In kuma dasƙararren sabulu ya toshe shi, injin kan ɗauka har yanzu da ruwa a ciki, ya ƙi matse kaya. A cire tiyon daga jikin na'urar a hura ta wajen ganga, ya kamata iska ta wuce ba tare da turjiya ba.

Batun zubar da ruwa, a ganina kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu shi ne na tiyo. Injin mai ƙofa a gaba yana da pompo, ɗan injin da ke tura ruwan wanki waje, kuma dole tiyonsa ya hau tsakanin santimita 60 zuwa 100 daga ƙasa kafin ya sauka. In aka shimfiɗe shi a tsakar gida ya nufi magudana, ruwa yana shiga ta sama yana zurarewa ta ƙasa, ganga ba ta cika, omo ya tafi a banza. Injin mai tukunya biyu, da wasu masu buɗewa ta sama, ba su da pompo, gangara kawai suke bi. Su in aka ɗaga tiyonsu ne ruwa zai ƙi fita. Don haka a san irin injin da ake da shi tukuna. A mai tukunya biyu, robar toshiya ce da sifirin, igiyar roba tana jan ta daga maɓallin sama. In igiyar ta tsinke ruwa ba ya fita, in maɓallin riga ko zare ya shiga ƙarƙashin robar ruwa ba ya zama.

Mai pompo in ya nuna 5E ko 5C a Samsung, OE a LG, ko E18 a Bosch, a buɗe ƴar ƙofar da ke ƙasa ta gaba. A kawo faranti mai faɗi da tsumma, domin lita da yawa za su fito. In akwai ɗan tiyon gaggawa a gefe, a fara tsiyayar da ruwan ta nan, sannan a murɗe matatar pompo da ke wurin zuwa hagu a fito da ita. Abin da ake samu a wurin kusan iri ɗaya ne kullum: dala biyar ko dala ashirin da ta yi baƙi, fil ɗin kallabi, tsinken sakace, safar jariri, curin gashi. A haska tocila cikin ramin, a juya fankar pompon da yatsa. Lafiyayyiya tana juyawa tsalle-tsalle saboda maganaɗisun da ke ciki. In tana walawala ba turjiya, ko tana rawa a kan sandarta, ta ci. Bobin ɗinsa yakan nuna om 150 zuwa 250. Pompo mai gurnani ba ya jan ruwa yawanci wani abu ne ya riƙe shi, wanda ya yi shiru ɗif kuma a duba wayoyinsa kafin a yanke masa hukunci. In duk wannan lafiya, a matsa baƙin tiyo mai lanƙwasa da ke tsakanin ganga da pompo, nan ma safa kan ɓoye.

Sai sayen kaya. A ɗauki hoton takardar da ke manne a bakin ƙofa ko a bayan injin, mai ɗauke da cikakkiyar lambar samfuri, kuma a tafi da tsohon abin a hannu, ko Katako za a je ko shagon sababbi. Sunan kamfani kaɗai ba ya isa, domin pompon injina da yawa wasu kamfanoni ne daban ke ƙera su, irin su Askoll da Plaset. A karanta jikinsa: 220 zuwa 240 volt, 50 Hz, wat 30 zuwa 40. Kayan injinan Amurka na volt 120 ne da 60 Hz, in aka ɗaura su a nan ƙonewa za su yi. Wasu sababbin injina kuma bawul da pomponsu na ƙaramin kuran ne, ba sa musanyuwa da na 220 ko da siffarsu ɗaya. A duba yadda pompon ke kamawa, da kusoshi uku ko da murɗawa, da inda bakin wayoyinsa yake. A bawul a ƙirga bobin, ɗaya ne, biyu ko uku, a duba ko bakinsa miƙe yake ko a lanƙwashe, da kaurin mafitar.

Na gwanjo da aka ciro daga mataccen inji ba laifi ba ne, wani lokaci ma ya fi sabon jabu ƙarko. Amma a auna shi da miltimeta a gaban mai sayarwa, a duba gindin sandar pompon ko akwai farin tabo ko tsatsa, alamar ruwa ya riga ya shiga ciki. Robar zoben bakin tiyo kuwa sabuwa za a sa, a ɗaure da hannu ba da filaya ba, don zaren roba ne yana saurin cinyewa. Wankin farko bayan gyara a yi shi ba kaya a ciki, an shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashin injin, ko ɗigo ɗaya ya sauka za a gani.