Abin da Bango Ya Faɗa da Abin da Aka Sa Masa a Baki

Abu na farko da aka dasa mana a darasin karanta tsofaffin rubuce-rubucen Girkanci da Latin shi ne ƙa'idar da masana suka amince da ita a Leiden, wani birni a ƙasar Holland, a 1931. Harafin da idonka ya gani sarai, ka kwafe shi yadda yake. Wanda ya goge har kana kokwanto, ka sa masa ɗigo a ƙasa. Wanda kuwa ya tafi da ɓarin dutse, kai ka cike gurbinsa da hasashe, to ka kulle shi cikin baka mai kusurwa, kowa ya san naka ne.

Amfanin wannan ƙaƙale ya fito mini ne a kan Pompeii, birnin Italiya da aman wutar dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya. An daɗe ana cewa ranar 24 ga Agusta abin ya faru, bisa wasiƙar Pliny Ƙarami, marubucin Romawa da ya hango aman wutar da idonsa. Sai a 2018 masu tono suka ci karo da rubutun gawayi a bangon wani gida: XVI K NOV, wato 17 ga Oktoba a lissafin Romawa. Nan take jaridu suka ɗauka, wai an sauya tarihi.

Amma kalli bangon da kyau. Rana da wata ne kawai, babu shekara. Shekarar mu muka sa, bisa hujjar cewa gawayi ba ya daɗewa a bango, wato ke nan a 79 ɗin aka yi rubutun, aman wutar kuma ya zo bayan 17 ga Oktoba. Hujjar ba ta banza ba ce, tunda an samu rumman da kaskon jin ɗumi a birnin da kewayensa, abubuwan da suka fi dacewa da kaka. Duk da haka hasashe ne, kuma akwai masanan da har yanzu ba su saki Agusta ba. Ko sauran rubutun da ya biyo bayan kwanan watan ma, da farko an karanta cewa wani ne ya ci abinci har ya wuce kima, daga baya aka ce a'a, maganar ɗaukar kaya ce daga ma'ajiyar mai. Haruffan nan dai su ne, ba su motsa ba.

Yanzu ga manhajojin DeepMind, kamfanin ƙirƙirarriyar basira (AI), Ithaca ta 2022 don Girkanci da Aeneas ta 2025 don Latin, suna ba da shawarar cike gurabe cikin ƙiftawar ido. Ina duba su, suna kuma rage wahala ƙwarai. Duk abin da suka ba ni, cikin baka nake sa shi.